Kwatar haɗaka: a buɗe a gani kafin a ce wane ne zai biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da abokan aikinku, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da mutane ke ƙyamar kawowa jarida, alhali yana cikin abubuwan da ke hana maƙwabta gaisawa a garin nan. Ina nufin hanyar ruwan wanka da wanke-wanke wadda gida biyu, uku ko fiye suka yi tarayya a kanta, ko ta gidan haya mai ɗakuna a jere, da rigimar da ke tashi ranar da ta toshe: wa zai fidda kuɗin gyara?

Ni magini ne. A nan Maraɗi na koyi aikin a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, a nan kuma furfura ta same ni. Yanzu da ƙarfin ɗaga bulo ya ja baya, yawancin kiran da nake samu na tiyo ne da kwatami da ramin masai. Kowa dai ya san garin nan ba shi da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazamin ruwan gidaje. Kamfanin ruwa aikinsa ya ƙare a kan mitar da ya kafa maka a ƙofar gida. Ya kawo maka ruwa, yadda za ka fitar da shi kuma ya rage naka da maƙwabcinka.

Abin da nake son mutane su gane shi ne, inda ruwa ya ɓullo ba lalle nan ne laifi yake ba. Ruwa gangare yake bi. Gidan da ke ƙarshen layi shi ke fara ganin baƙin ruwa a ƙofarsa, shi ke shaƙar wari, shi sauro ke kwana da shi, don haka shi ke fara neman magini. Da ya aika a kira magini kuwa, shi ke nan, aiki ya zama nasa. In ya je wajen na sama sai su ce masa, "Mu dai namu yana tafiya lafiya lau." Ƙwarai yana tafiya. Gidan wani yake tafiya.

A wata damina an kira ni wani lungu a Bagalam. Gida huɗu ne a kan tiyo ɗaya. Asali gida ɗaya ne na ƴan'uwa, gado ya raba shi, daga baya wasu suka sayar, aka bar hanyar ruwan yadda take. Gidan ƙarshe na wata tsohuwa ne, daga ita sai jikanyarta, ɗan gishiri da magi take kasawa a faranti a zaure. Na tarar ruwa ya dawo mata har tsakar gida, ta jera duwatsu tana takawa zuwa ɗaki.

Ta ce, "Malam, nawa za ka yi mini? Ni dai a raba ni da warin nan, ko inda zan shimfiɗa tabarmar salla na rasa."

Na ce, "Inna, wannan aiki ba naki ba ne ke kaɗai. Bari in buɗe mu gani tukuna."

Na sa yarona ya bi gidajen nan uku ya ce ina roƙon magidanta su fito bayan la'asar. Kafin su fito mun tone tiyon, mun yanke shi a inda ya cushe, na shimfiɗa buhun siminti a ƙasa, duk abin da muka zaro muka aza a kai. Yashi da toka sun kusa cika baro. Ga daskararren maiƙo, baƙi ƙirin kamar sabulun salo, ya manne a cikin tiyon har hanyar da ta rage ba ta wuce yatsa biyu ba. Ga ledar piya wata, ga gashin kanti da mata ke ƙarin kitso da shi ya nannaɗe da soson ƙarfe, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Abin da ya gama rufe hanyar kuwa pampas ne na jarirai, sun sha ruwa sun kumbura.

Alhajin da ke gidan farko ya zo yana gyara hula, tun daga nesa yana cewa ai toshewar a ƙofar Inna take. Na nuna masa buhun, na ce, "Alhaji, ga kayan nan, kowa ya duba nasa. Inna dai rabonta da goyo tun zamanin Kunce." Aka tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Mutumin kirki ne, ganin idonsa kawai yake buƙata.

Sai rabon kuɗi. Tiyo, siminti da ladan aiki suka tashi jaka 12. Wani ya ce a raba huɗu, kowane gida jaka 3. Na ce wannan ba adalci ba ne, a ƙirga kawuna. Gidan Alhaji mutum 11, na biyu 7, na uku 4, Inna da jikanyarta 2. Mutum 24 ke nan, kowane kai dala 100. Alhaji ya ba da jaka 5 da rabi, na Inna ya tashi jaka guda, ita ma ɗin Alhaji ya ce ya ɗauke mata. Da ban tara su a kan buhun nan ba, da tsohuwar nan sai ta ci bashin jaka 12 a kan pampas ɗin jikokin wani.

Wannan lissafi na kawuna ba ni na ƙirƙiro shi ba. A gidajen haya da yawa masu famfo ɗaya, in takardar kuɗin ruwa ta zo, da kawuna ake rabawa, ba mai musu. To ruwan da aka biya da kawuna ya shigo, ai shi ne ya fita ta tiyon. Me zai sa a canja ma'auni? Wanda ke sana'a da ruwa, irin mai tuwon sayarwa ko mai wanki da guga ko mai markaɗe, shi a ƙara masa kaso, kuma na lura su ba su cika gardama ba in an yi musu magana da mutunci.

Akwai wanda ya taɓa kare kansa a gabana da littafi, ya ce ai a Muhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halilu, an ce kwashe masai na wuyan na ƙasa ne. Gaskiya ne akwai wannan magana, mu ma mun ɗan zauna gaban malamai a zaure. Amma a kan gidan bene aka yi ta, inda sama na wani, ƙasa na wani, ramin kuma yana cikin mallakar na ƙasa. Ko a nan ɗin ma malaman Malikiyya ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: Ibnu Wahbi da Asbagu sun ce a raba wa kowa gwargwadon yawan kawunansu. Kuma a wurin nan dai da ya ɗauko hujjarsa, an ce abokin tarayya a kan abin da ba ya rabuwa, in ya lalace, ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa mai gyarawa. Tiyon da gida huɗu ke zuba ruwa a ciki ba ya rabuwa huɗu. Wanda zai karanta mana layi ɗaya, ya daure ya karanta na sama da shi.

Na gidan haya ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma nan ne na fi ganin zalunci, ta kowane ɓangare. Mai gida yana Yamai ko Kwatano, ya bar wakili mai karɓar haya, shi kuma wakili abu ɗaya ya iya faɗa: "Alhaji ya ce ai ba shi ke wanka a nan ba." Ƴan haya su ce mu haya muke biya, ko ƙusa ba za mu saya ba. A bar ruwa kwance mako da makonni, yara suna wasa a ciki. Alhali in aka buɗe, tiyon da kansa yake faɗin mai laifi, don ruwa ba ya tsami banza.

In na tone na tarar an sa ƙaramin tiyo mai lamba 63 a inda ya kamata a sa mai lamba 100 ko 110, wannan ba ɗan haya ya yi ba. In na aza ma'auni na ga babu gangare, ko ma ya koma baya, shi ma haka. Tiyon ruwan datti yana son ya sauka wajen santimita 2 a kowace mita. In bai kai ba, ruwa ya riƙa tafiya a hankali yana ajiye yashi, ko waliyyai ne a gidan sai ya toshe. In an binne shi sama-sama a bakin hanya, amalanke ko motar yashi ta taka shi ya fashe, ginin ne bai yi ba. In saiwar dogon yaron ƙofar gida ce ta sami ɗan tsagu a mahaɗa ta shige, ta yi gashi a ciki, itacen ai ba da shi ɗan haya ya tare ba. Duk waɗannan na mai gida ne, kuma in ya ƙi, a shekara mai zuwa ma sai an sake kiran magini. A nan dole in ce akwai magina da ke biye wa mai gida a kan araha. Ya ce a rage, su rage, su karɓi kuɗinsu su tafi, a bar ƴan haya da faɗa da juna a kan abin da aka binne tun kafin su zo.

Cikar rami ma na mai gida ne. Wani tsohon ma'aikacin gidan shari'a da na yi wa aiki ya buɗe mini kundin Code civil da muka gada daga Faransa, ya karanta mini aya ta 1756, ya fassara: yasar rijiya da kwashe ramin masai suna kan wanda ya ba da haya, sai fa in an yi yarjejeniyar akasin haka. Masu gidaje da yawa ba su san da wannan ba, wasu kuma sun sani sun yi shiru. Saboda haka in motar zuƙar masai za ta zo, kada wakili ya bi ɗaki-ɗaki da faranti, sai in tun ranar shiga gidan an faɗa wa mutum haka, ya amince.

Amma in na zaro leda da tsumma da ƙunzugu da ragowar tuwo, to ƴan haya su haɗa kuɗi, kada su nemi Alhaji a waya. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri da ni: yashi da tokar da ake goge tukunya da su, su ne babban abin da ke kashe tiyo a garin nan. Ruwan wanke-wanke in an gama, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a kai na ƙasan bola. Maiƙon miya da na suya kuma a lokacin zafi wucewa yake, amma da ɗari ya shigo sai ya daskare a hanya, yashi ya zo ya manne masa. Shi ya sa kiran toshewa ke yawa a hunturu ko da ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Leda kuwa, tun 2014 aka yi dokar hana shigo da marar kauri da sayar da ita a ƙasar nan, amma ku zo ku ga abin da muke zarowa.

Shawara ɗaya ga ɗan haya: kada ka gyara abin da ke wuyan mai gida da kuɗinka, sannan ƙarshen wata ka zare daga haya ba da saninsa ba. Ka kira shi ko wakilinsa, ka sa shaidu biyu su ga abin da aka tono, yanzu ma kowa na da waya, a ɗauki hoto a tura masa, ya ce "na yarda a cire" da bakinsa. In ba haka ba, gaskiyarka za ta koma bashin haya, a ba ka wa'adin tashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne toshewar gangan. Maƙwabta sun saɓa a kan wata magana daban, ta yara ko ta kaji, sai na ƙasa ya kwaɓa siminti cikin dare ya liƙe rariyar da ruwan na sama ke bi. An sha kirana in yi wannan aiki, ba na yi. In ruwan sama ne da ke gangarowa da kansa, na ƙasa ba shi da ikon tare shi, wannan ma yana cikin kundin nan, aya ta 640. In kuma ruwan wanka ne da na wanki, na sama ba shi da ikon sakar wa maƙwabcinsa shi don kawai Allah ya aza shi a tudu. Ya haƙa kwatami a cikin gidansa, ko su yi yarjejeniya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, kuma ko ɗalibin Risala ya san an hana mutum haƙa abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Na ga katangar ƙasa ta zube saboda an haƙa kwatami a gindinta ta ɗaya gefen, mai haƙar yana cewa ai cikin filinsa ne.

Mu mutanen Maraɗi bai kamata a koya mana halin ruwa ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta ci tsohon gari har aka hau da shi tudu. A ƙarshen Agustan 2024 kuma kowa ya ga ruwan da aka yi cikin ɗan lokaci, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Manyan magudanan bakin titi don ruwan sama aka gina su, amma mun mai da su bola. Da hadari ya haɗo sai ka ga yara suna fitowa da kwandunan shara suna juyewa a ciki, wai ruwa ya tafi da ita. Wasu ma har tiyon masai suke saƙalawa a ciki a ɓoye. In babbar ta cushe, duk ƙananan da ke zuba a cikinta baya suke komawa, su koma gidajen mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tun a 1993 aka yi dokar tsaftar jama'a da ta hana zuba ƙazamin ruwa a kan hanya. Ba kuma mu manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a yankin Madarunfa a 2018 ba, ta sake dawowa jihar nan a 2021. Ruwan da ke kwance a lungu ba ya tambayar wane ne ya ƙi biya kafin ya shiga cikin ɗan wani.

Roƙona ga masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, ba mai tsada ba ne. Duk lungun da ke da hanyar ruwa ta haɗaka, a tara magidanta tun ana shiri, a rubuta ƴar takarda: gida nawa ne a kai, mutum nawa a kowane gida, wa ke riƙe kuɗi. A gidan haya a sa dala 20 ko 40 a kan kowane ɗaki duk wata, a ajiye wajen wanda aka yarda da shi. Sannan a duk inda tiyon wani gida ya haɗu da babban, a gina ɗan akwatin siminti mai murfi, wanda muke ce wa rigar, a sa raga a bakin rariyar kowane gida. Bulo kaɗan ne da rabin buhun siminti. Amfaninsa biyu: yashi a nan zai kwanta a kwashe da hannu ba sai an fasa ƙasa ba, kuma ranar da aka toshe, murfi kawai za a bi ana ɗagawa. In rigar ɗin gidanka ce ta cika, ta gaba da ita babu komai, to toshewar tsakaninku take, magana ta ƙare. A sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, inda har yanzu ake gini kuma akwai fili, babu uzurin barin wannan. A tsofaffin lunguna irin na Limanci da Ƴandaka da Mokoyo wuri ya yi ƙunci, amma ko rigar ɗaya a tsakiya ta fi babu.

Don Allah kuma a daina zuba ruwan batir ko soda a tiyo. Ba sa narkar da yashi, ba sa narkar da leda. Suna kwance a ciki suna jiran hannun yaron da zai zo ya zura. Nawa yaron har yau akwai tabo a damtsensa, kuma mutanen gidan ba su faɗa mana sun zuba ba sai da ya yi ihu. Ramin masai ko kwatami mai zurfi kuma kada wanda ya shiga da an ɗaga murfi. Iskar da ke ciki tana kayar da ƙato nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. A bar shi a buɗe ya sha iska, a ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu, mutum biyu su tsaya a sama.

Saura maganar ladanmu, wadda ba zan ɓoye ba tana cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In ana gardamar wa zai biya, wanda ake bari a rana shi ne wanda ya yi aikin. Ruwa ya wuce, wari ya tafi, kowa ya shige gida, a ce mana "ku dawo jibi, ba mu gama haɗawa ba." Ni na iya jira. Amma yaran da ke shiga cikin baƙin ruwan nan har ƙugu, da kuɗin ranar suke sayen sabulun da za su wanke jikinsu da abin da za su kai gida. Ni dai yanzu na kafa sharaɗi: kuɗin leburori a ajiye su a hannun mai unguwa ko limamin lungun kafin mu sa diga a ƙasa, sauran a yi ta lissafi bayan an ga abin da ya fito. Ina kira ga ƴan'uwana masu wannan aiki su ma su riƙa yin haka, ku kuma Edita, in kun turo wakilinku Maraɗi kafin damina, ya neme mu mu zaga da shi lunguna, ya taho da takalmin roba.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon magini,
Unguwar Sabon Gari, Maraɗi